Gyaɗa ta kusa shaƙe ɗana, kakarsa kuma ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan

Assalamu alaikum Likita. Ina da yaro ɗan shekara uku. Tun yana jariri yake fama da bushewar fata da ƙaiƙayi a kumatu da bayan gwiwa. Watannin baya ya ɗanɗana wani abu mai gyaɗa, gefen bakinsa ya ɗan tashi, ya wuce, ban damu ba. Makon jiya ya sake ci, ko minti goma ba a yi ba jikinsa ya yi rudu-rudu, leɓɓansa suka kumbura, ya yi amai, ya kama tari, muryarsa ta dishe. A asibiti aka yi masa allura a cinya, aka riƙe mu har gari ya waye, aka ce kada ya ƙara cin gyaɗa. Yanzu kan gidan ya rabu. Babansa ya ce borin jini ne kawai, Piriton ya isa. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Wata ƙawata ta ce garkuwar jikinsa ce ta yi rauni, in nema masa maganin ƙarin ƙarfi. Ni kuma kaina nake zargi, don na ci gyaɗa sosai da cikinsa, kuma ni ma in na sa wasu 'yan kunne sai kunnena ya yi ƙuraje. Ga ƙanwarsa 'yar wata huɗu. Ita ma hana ta zan yi? Daga wata uwa da ta kasa barci.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da fargaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kiyaye gaba.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Kada kowa ya ba yaron nan gyaɗa a gida, ko da lasa ce, har sai likitan da ya ƙware kan aleji, wato jiki ya yi bore ga abin da ba ya cutar da sauran mutane, ya duba shi. Abin da kika kwatanta ya wuce borin jini. Borin jini a fata yake tsayawa. Naki kuwa fata ta tashi, ciki ya juya, murya ta dishe, duk cikin minti goma. Dishewar muryar nan ce ta fi tayar min da hankali, domin alama ce maƙogwaro ya fara kumbura ta ciki. Idan aleji ya taɓa numfashi, ko ya sa jini ya sauka har mutum ya yi laƙwas, likitoci na kiransa anafilaksis. Allurar da aka yi masa a cinya, bisa dukkan alamu adirenalin ce, kuma ita ce ta dace. Ki koma ki roƙe su su rubuta miki abin da suka gani da abin da suka ba shi, za ki buƙaci takardar nan gaba.

Mutum uku sun ba ki shawara uku, kuma ba wanda ba ya son yaron a cikinsu. Amma in kin gane abin da ke gudana a jikinsa, da kanki za ki ga inda kowa ya kauce.

Ƙawarki ce ta fi nisa da gaskiya, ko da yake yawancin mutane haka suke zato. Garkuwar jikin ɗanki ba ta da rauni. Da dukkan ƙarfinta take aiki, sai dai a kan abin da bai yi mata laifin komai ba. A cikin gyaɗa akwai wasu nau'o'in furotin marasa illa, miliyoyin mutane na cinsu kullum. Aikin garkuwa shi ne ta tantance duk abin da ya shigo jiki, ta ƙyale marar cutarwa, ta tare mai cutarwa. Hanji ya iya koya mata ƙyalewa: abin da ya saba shigowa ta baki, galibi takan karɓe shi a matsayin abinci. Fata ba haka take ba. Kin ce tun yana jariri fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi, abin da ake kira ekzima. Irin wannan fata tana da 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, ɓurɓushin abincin da ke hannun manya ko cikin ƙurar ɗaki na iya ratsawa ta nan, kuma ya faɗa wurin da dama a kumbure yake, garkuwa a tsaye. Masu bincike da dama na ganin ta wannan hanya ce yara irin naki ke fara haɗuwa da gyaɗa, tun kafin ta shiga bakinsu. Kamar maigadi ne mai ƙwazo da ya hango baƙo yana shigowa ta ɓarakar katanga, ya haddace fuskarsa a matsayin ɓarawo. Daga ranar, ko ta ƙofa baƙon ya zo da sallamarsa, ihu zai yi ya tashi kowa.

A haɗuwar farko ba a ganin komai. Wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a fata sukan ɗauki guntun furotin ɗin su kai shi wuraren nan da kaluluwa ke fitowa, su nuna wa ƙwayoyin da ake kira T. Su kuma su sa ƙwayoyin B su ƙera wani sinadarin kariya mai suna IgE, wanda aka yi daidai da siffar wannan furotin shi kaɗai. IgE ba ya daɗewa yana yawo a jini. Zuwa yake ya maƙale a jikin wasu ƙwayoyi da ake kira mast, waɗanda ke jibge a fata, da hanci, da hanyoyin iska na huhu, da bangon hanji, da gefen jijiyoyin jini. Kowace ƙwayar mast cike take da 'yan ƙulle-ƙulle na sinadarai, shahararre a cikinsu shi ne histamin. Haka za su zauna shiru wata da watanni, yaro na ta wasansa lafiya lau.

Ranar da gyaɗa ta sake shigowa, furotin ɗin ya kama IgE biyu da ke kusa da juna a kan ƙwayar mast, sai ta zazzage abin da ke cikinta nan take. Duk abin da kika gani da idonki daga nan ya samo asali. Histamin ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, fata ta yi ɗumi. Ya sa bangonsu ya fara yoyo, ruwan jini ya tsiyayo ƙarƙashin fata ya tayar da rudu-rudun nan masu tudu, da kan lafa a nan su ɓullo a can. A fata mai haske sukan yi ja a gefe, a fata mai duhu kuwa jan ba ya fitowa sosai, sai kin shafa ki ji tudun. Inda nama ke da taushi, kamar leɓe da fatar ido, ruwan ya fi samun wurin taruwa, shi ne kumburin. Ya tsokani jijiyoyin ji, ga ƙaiƙayi. Hanji ya murɗa, ga amai. Hanyoyin iska suka tsuke suka cika da majina, ga tari da numfashi mai fito. Idan kuwa abin ya game jiki lokaci guda, ruwa mai yawa kan fice daga jijiyoyi, jini ya sauka, zuciya ta rasa abin da za ta harba. Nan ne haɗarin yake.

Tun kafin a san sunan IgE aka gane abin a jini yake. A 1921 wani likita Bajamushe, Carl Prausnitz, ya ɗebi ruwan jinin abokin aikinsa Heinz Küstner, wanda kifi ke tayar wa da aleji, aka yi wa shi Prausnitz allurarsa a fata. Washegari aka sa ruwan kifi a daidai wurin, sai wurin ya tashi, alhali shi kifi bai taɓa yi masa komai ba. Sai a 1966 wasu miji da mata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Denver ta Amurka, suka gano sinadarin. Kuma ba don banza jiki ke ɗauke da shi ba: wannan ɓangare na garkuwa shi ke yaƙar tsutsar ciki da makamantanta. Ki duba, atishawa da tari da amai da zawo da susa duk hanyoyin fitar da abu ne daga jiki. Maganin ƙarin ƙarfi ba shi da abin da zai gyara a nan, kada ki ɓata kuɗinki.

Sai babansa. Yana da gaskiya rabi: Piriton da 'yan uwansa irin su setirizin suna toshe aikin histamin, don haka suna kwantar da ƙaiƙayi da rudu-rudu. Amma histamin ba shi kaɗai ƙwayar mast ke saki ba, akwai wasu sinadarai da ke tsuke hanyar iska waɗanda maganin ƙaiƙayi ba ya taɓawa. Ga shi kuma maganin sha na ɗaukar rabin awa ko fiye kafin ya fara aiki, yaron da ke amai ma ba zai riƙe shi ba. Piriton na sa barci, sai ki kasa bambance ko magani ne ya kwantar da shi ko jininsa ne ke sauka. Adirenalin ita ce ke matse jijiyoyin da suka buɗe, ta buɗe hanyoyin iska da suka tsuke, ta kuma hana ƙwayoyin mast ci gaba da zazzaga, cikin 'yan mintoci. Ina jin babansa ba sakaci yake yi ba. Wani uban da ƙaramta abu yake rufe tsoronsa. Kada ki ja da shi, ki ba shi aiki: shi zai tambayi likita game da allurar adirenalin ta gaggawa, wadda ke zuwa kamar alƙalami da magani a ciki, a koya muku ku biyu yadda ake danna ta. Ba ko'ina ake samunta ba. In babu, likita ya rubuta muku tsarin abin da za a yi da adadin da ya dace da nauyin yaron, ku kuma san asibitin da ya fi kusa da duk inda yake yini.

Ki riƙe wannan da ka. In ya ci bisa kuskure, rudu-rudu kawai suka fito, yana numfashi lafiya yana cikin hayyacinsa, a ba shi maganin ƙaiƙayi a zuba masa ido sosai. In murya ta canja, ko tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi fito, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi kamar zai suma, to adirenalin ce a gefen cinya ta waje, ba jira, sannan asibiti. In minti biyar ya wuce ba sauƙi, ana ƙara ta biyu. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya, don jinin da ya rage zai gangara ƙasa. Wani lokacin anafilaksis kan zo ba tare da ko ƙurji ɗaya a fata ba, kada ki jira rudu-rudu. Ko ya warware bayan allura sai an je asibiti, domin a wasu mutane kaɗan abin kan dawo bayan sa'o'i. Dalilin da ya sa aka kwanar da ku ke nan.

Maganar Hajiya ce ta fi buƙatar lura, domin ita ce ta fi kama hankali, kuma ita ce ta fi haɗari. Jikin da ya riga ya ƙera IgE ba ya buƙatar abu mai yawa. A 1902 wasu masana Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, sun yi irin tunanin Hajiya. Suka yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin jikinsu ya saba. Bayan makonni suka maimaita da ɗan kaɗan, sai kare ya faɗi ya mutu cikin ƙasa da awa guda. Wannan binciken ne ya kawo wa Richet kyautar Nobel a 1913. Ba kuma a iya hasashen yadda tashin gaba zai kasance daga na baya. Ba dole kowanne ya fi na baya muni ba, kamar yadda wasu ke faɗa, amma yawan abin da aka ci, da mura ko zazzaɓi, da guje-guje bayan cin abinci, da asma da ba a kula da ita ba, duk suna canja lissafi. Ke kanki shaida ce: na farko gefen baki kawai, na biyu asibiti.

Duk da haka tunaninta ba shirme ba ne, kuma ki faɗa mata haka. Likitoci suna da hanyar sabar da jiki, tun 1911 da Leonard Noon ya fara ta a Landan ga masu atishawar ƙurar furanni. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani garin gyaɗa da aka auna don yara masu wannan aleji. Ki ji bambancin: ana farawa da rabin miligiram na furotin, alhali ƙwayar gyaɗa guda na ɗauke da miligiram ɗari biyu ko fiye. Ana ƙarawa a hankali cikin watanni, kowane ƙari a gaban likita da adirenalin a gefe, kuma duk da haka yara da yawa na samun tashin aleji a hanya. Abin da Hajiya za ta gutsura da farce ta ce kaɗan ne ya ninka wancan sau da yawa. Shawarata, kada wannan magana ta fito daga bakinki ke kaɗai, don kada ta zama suruka na yi wa uwar miji gyara. Ɗanta ya ɗauke ta ku je wurin likita tare, ta ji da kunnenta. Kakar da ta gamsu ta fi kowa sa ido kan abin da ake miƙa wa jikanta.

Yanzu ke. Ki sauke wannan zargi. Cin gyaɗa da ciki ba ya jawo wa jariri aleji, shi ya sa likitoci ba sa hana masu ciki ko masu shayarwa cinta. Ƙurajen kunnenki kuma wata hanya ce daban. A 1963 wasu masana biyu a Birtaniya, Philip Gell da Robin Coombs, suka kasa irin wannan wuce gona da iri na garkuwa gida huɗu. Na ɗanki shi ne na farko, mai IgE, mai saurin tashi. Na biyu shi ne garkuwa ta far wa ƙwayoyin jini ko na wata gaɓa, kamar in an ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba. Na uku, sinadaran kariya su dunƙule da abin da suka kama su taru a ƙoda ko gaɓoɓi. Naki shi ne na huɗu. Yawanci ƙarfen nikel ne da ke cikin 'yan kunnen, gumi ya narkar da ɗan kaɗan ya shiga fata, ƙwayoyin T su taru a wurin da kansu, ba ruwan IgE. Taruwar na cin lokaci, shi ya sa ba ki ganin komai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma abin ba ya wuce inda ƙarfen ya taɓa. Ba ya shaƙe mutum, maganinsa ki bar sa irinsu. Abin da ake gada a dangi shi ne saurin kamuwa da ekzima ko asma ko atishawa, ba aleji ga wani abinci takamaimai ba.

Batun ƙanwarsa ne zai ba ki mamaki. Shekaru da dama ana cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa. A 2015 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Gideon Lack ya jagoranta a Landan, kan jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko alejin ƙwai. Rabi aka fara ba su gyaɗa tsakanin wata 4 zuwa 11, rabi aka hana su. Da suka kai shekara biyar, kusan 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alejin, a cikin masu ci kuwa kusan 3 ne kacal. Wato in hanji ya riga fata haɗuwa da abin, garkuwa takan koyi ƙyale shi. Ki lura, wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba, ba magani ga wanda ya riga ya kamu ba. Don haka ki ci gaba da ba ta nono, idan ta kai wata shida za ta fara abinci kada ki hana ta haka kawai. Amma ki fara nuna ta ga likita, musamman in ita ma fatarta na bushewa. In ya ce a ba ta, niƙaƙƙiya lukui za a dama da ruwa ko nono, ba ƙwaya ba, don ƙwaya na iya sarƙe jariri. A ware mata cokali da kwano, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, saboda yayanta. Ki kuma riƙa wanke hannunki kafin ki shafa wa kowannensu mai, ki duba kada man shafawar ya ƙunshi man gyaɗa.

Soyawa ko dafawa ba sa kashe furotin ɗin. Man gyaɗa da ba a tace sosai ba shi ma na iya ɗauke da shi. Ki koyi karanta jikin kwali, ki sanar da makarantarsa da duk gidan da ake kai shi, ki koya masa tun yanzu ya ce sai ya tambayi Mama. Amma kada ki mayar da shi ɗan kulle. Jin ƙanshin gyaɗa kaɗai ba ya kawo abin da kika gani, taɓa fata kuma galibi a wurin yake tsayawa. Mutuwa daga alejin abinci abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma inda ta faru, sau da yawa jinkirin adirenalin ne ko asma da aka yi wa sakaci.

A wurin ƙwararre, za a ɗiga ɗan ruwan gyaɗa a hannunsa, a ɗan tsikari fatar, a jira minti 15 zuwa 20 a auna tudun da ya tashi, ko a auna IgE a jini. Ki tambaya kwana nawa za a dakatar da maganin ƙaiƙayi kafin gwajin fata, don yana ɓoye sakamako. Ki guji gwajin nan da ke lissafo abinci ɗari a takarda guda: mutum na iya samun IgE ga abin da yake ci lafiya ƙalau, kuma janye masa shi na iya buɗe ƙofar sabon aleji, ban da tauye masa abinci yana cikin girma. Duk abin da yake ci yau ba matsala, ya ci gaba da ci. Yara da yawa kan rabu da alejin madara da na ƙwai in sun girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. Likita zai riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci, in ya ga alamun ya sauka, a asibiti za a ba shi ya ci a gaban ma'aikata.